Igiyar Gurbin Maje

Ni da Gloria muka fara ganin kifayen. Mun gangara Gurbin Maje da hantsi, kowace da tulunta, ina ba ta labarin jikar da aka haifa min a Kuyello, sai ta ja ta tsaya ta ce, "Wayyo Allah! Yaya Mairo, duba can." Karfasa ne birjik a kan ruwa, ciki a sama, har da tarwaɗa, wadda ko a cikin taɓo ta maƙale sai ta daɗe tana numfashi. Ƙudaje sun riga mu zuwa. Na sauke tulun, wallahi baƙin ciki ya cika ni.

Ruwan nan da wahalarmu muka dawo da shi. Lokacin da muka komo gari bayan gudun hijira, gurbin ya zama kamar kunun kanwa. Masu haƙar zinare suna wanke ƙasarsu daga sama, manoma suna ɗauraye famfon feshi a bakinsa, kowa da abin da yake zubawa. Rafin namu kuwa idan rani ya yi nisa ko'ina yashi ne, a nan kaɗai ruwa ke tsayawa, mu sha, dabba ta sha. Shi ne aka kafa kwamiti, aka ba yayana shugabanci tunda shi ne wakilin mai gari, har sunan Wakili ya danne nasa na yanka. Maza suka yi dokoki, mu mata muka ɗauke su a ka. Ni sana'ata daddawa, tun ina budurwa a cikin gurbin nake wanke kalwa, amma da aka ce a daina ni na fara dainawa. Na koma jidar ruwa zuwa tudu, ga wuyana nan har yau bai koma daidai ba. Gloria, wadda muke ce wa Maman Obed, ta tattaro matan cocinsu, muka bi gonaki da bakin rafi muna tsince robobin maganin feshi da aka yar. Muka tara su tsibi guda a bayan gidan Yaya, a kan za a haƙa rami mai zurfi a binne. Muka yi ta sintiri a kan masu zinare har suka gaji da bakinmu suka matsa gaba. Ruwa ya kwanta ya yi garau, kifi ya dawo. Ina alfahari da aikin nan, ko yanzu da nake wannan faɗan.

Akwai kuma yarjejeniyarmu da Hammadu. Bafulatani ne, amma a nan aka yanke cibiyarsa, rugarsu tana bayan makarantar firamare tun zamanin kakansa. Abin da ya ci mu shi ma ya ci shi, don mutanen daji, 'yan bindigar nan da suka kore mu daga gari, sun kore masa fiye da rabin garke, abin da ya rage shi yake lallaɓawa ya ci da iyalinsa. Aka ce gefen ƙasa na gurbin mashayar shanu ce, gefen sama na mutane. Ya yarda, har shi yake kawo mana labari idan ya hango baƙin masu wankin ƙasa.

To saniya ina ruwanta da doka? Idan ta shiga ruwa takan kutsa sama. Ina Kuyello wajen wankan jegon 'yata aka ce a ja igiya ta raba gurbin biyu, ban taɓa ganinta ba sai ranar nan ta kifaye. Doguwar igiya ce daga wannan gaɓa zuwa waccan, an jera mata abubuwan da za su riƙe ta a saman ruwa, ja da kore da rawaya, suna ta lilo. Da can gora masunta suke ɗaurawa. Na ƙura ido na ce, "Maman Obed, me nake gani haka?"

Ta ce, "Robobinmu ne. Idrisu ya ce maimakon a binne su a banza, ga amfaninsu."

Idrisu ɗan Yaya ne, magidanci da 'ya'yansa, ba yaro ba balle a ce ƙuruciya. Na tattare zanina na shiga ruwa har ƙugu na kamo roba ɗaya. Babu murfi, da totuwar masara aka toshe bakin. Totuwar ta jiƙe ta ruɓe, ina taɓa ta ta marmashe, wani farin ruwa ya tsiyayo min a hannu. Warin ya bugi hancina har cikin kai, warin nan na maganin ƙwarin wake da ko makaho zai gane. Na kama ta biyu, haka. Ta uku, haka. Kai, jama'a! Wato abin da muka yi ta sunkuyo muna tsincewa don kada ruwan sama ya wanko shi cikin gurbi, shi aka kwaso da hannu aka jera a tsakiyar gurbin, ana jin an yi dabara.

Wasu sun zo bayanmu sun gani, kafin mu hau tudu labari ya riga ya cika gari, amma ba wannan labarin ba. Wai an ga Hammadu yana fesa wa shanunsa maganin kaska a kusa da rafi. Wa ya gani? Wane ya ji daga bakin wane. Tun kafin azahar mai shela ya zaga cewa kwamiti ya rufe mashaya, kada kofaton saniya ya sake taka bakin rafin nan daga sama har ƙasa. Mutane za su riƙa tona ramuka a yashi can sama suna ɗiba kafin gurbi ya wanke kansa, amma Hammadu ko ramin ba a yarda ya tona ba. Samari suka saro ƙaya suka toshe burtali, Idrisu ne a gabansu da gora a hannu yana ba da umarni.

A bakin ƙayar na tarar da Hammadu, shanunsa a bayansa suna cusa kai, sun jiyo ƙanshin ruwa. Zafin bazara ne irin wanda ko kaza ba ta yawo. Ya ce, "Inna Mairo, ni zan zuba guba a inda shanuna ke sha? Maraƙina ya kwana yana kumfar baki, da asuba ya mutu. Ko wannan bai isa shaida ba?"

Na ce, "Na san ba kai ba ne. Na ga abin da ya yi shi da idona."

Ya ce, "To a taimake ni a faɗa musu da wuri. Idan aka hana ni nan, babu sauran ruwa sai na cikin daji, kin kuwa san masu wurin."

Na sani mana. Duk wanda ya kai saniya can ya kai musu ne.

Na wuce gidan Yaya da roba ɗaya a hannu. Yana zaure yana jan carbi. Ban ma gama sallama ba na dangwara masa ita a kan tabarma na ce, "Yaya, sansana."

Bai taɓa ba. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "Ɗauke abin nan, Mairo. Na sani."

Da ya musa, da abin ya zo min da sauƙi. Na ce, "Ka sani? Ka sani ka sa aka yi shela?"

Ya ce in zauna, na ƙi. Ya sassauta murya ya ce, "Ke kin fi kowa sanin yadda muka sha kafin mutanen nan su ji magana. Yau idan aka ce igiyar kwamiti ce ta kashe kifi, gobe wa zai saurare mu? Masu zinare za su dawo suna dariya. Duk wanda kika hana wanke famfon feshi zai ce miki ku fara gyara kanku. Aikinki ne zai rushe, ba nawa kaɗai ba. Ki bari a cire igiyar a hankali ba tare da surutu ba, ƙura ta lafa, sai a ce an yi wa Hammadu afuwa a buɗe masa."

"Afuwa? Afuwar me ya yi?"

"Magana ce ta 'yan kwanaki."

"Shanu za su yi azumin 'yan kwanakin ne, Yaya?"

Ba zan ɓoye ba, maganarsa ta taɓa ni, don ni ma ina tsoron ganin gurbin ya koma gidan jiya. Amma na san yayana tun muna cin tuwo a kwano ɗaya. Ba kwamiti kaɗai yake karewa ba, sunan ɗansa yake rufewa, kuma ya duba garin kaf ya zaɓi wanda ba shi da mai tsaya masa ya ɗora wa. Abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Na ɗauki robata na fita ko sai an jima ban ce masa ba.

Na sami Gloria tana tankaɗe. Na ce, "Tashi mu je mu ciro igiyar nan."

Ta ce, "Mu kai ta ina?"

"Inda masu ita suke."

Ita baƙuwa ce a idon wasu duk da shekarun da ta yi a garin, ta san idan magana ta lalace za a ce me ya kawo ta ciki. Ta kakkaɓe hannunta ta ce, "Ni ma na tsinci robobin nan, Yaya Mairo. Mu je."

Muka ɗaura ledoji a hannu, muka kwance igiyar daga gaɓa zuwa gaɓa, muka jawo ta tudu. Nauyi gare ta kamar me, don robobin sun sha ruwa. Haka muka ja ta a ƙasa ta tsakiyar gari bayan la'asar, tana ƙwaram-ƙwaram a bayanmu, mata suna leƙowa ta kan danga. Maza suna majalisarsu a gindin ɗorawar ƙofar masallaci, Yaya a kan kujera, sauran a tabarmi. Mace ba ta tsayawa a wurin, ko wucewa za ki yi sai kin rage tsawo. Muka ja igiyar har tsakiyarsu muka saki. Wari ya tashi, na kusa suka fara toshe hanci da hula.

Na ce, "Salamu alaikum. Ga mai maganin kaskar da kuke nema, mun kamo muku shi."

Idrisu ya miƙe ya ce, "Haba Gwaggo, wane irin abu ne wannan? Robobin nan wankakku ne, ni da kaina na ɗauraye su."

Na ce, "Madalla, ɗan albarka." Na ɗauki wata buta da ke gefe, na zare totuwar roba ɗaya na tsiyaye abin da ke ciki a butar, na ƙara da ta biyu. Na ajiye a gabansa. "Magariba ta kusa. Tunda wankakku ne, yi alwala da wannan, ka kurkure baki sau uku muna gani. Ko kai, ko duk wanda ya ce Hammadu ne. Bismillah."

Ba wanda ya motsa. Idrisu ya dubi ubansa, uban ya dubi ƙasa. Na ce a raina shi ke nan, magana ta ƙare, yanzu za a tura a janye ƙaya.

Ina! Wani dattijo ya yi gyaran murya ya ce shi abin da ya dame shi, yaushe aka fara mace ta shigo majalisa tana ɗaga murya? Wani ya ce na tozarta yayana a bainar jama'a, ko da gaskiyata ba haka ake yi ba. Wani ya ce ai na ɓata butar masallaci. Butar masallaci! Kifi ya mutu, maraƙi ya mutu, shanun bawan Allah suna can suna lasar ƙasa, su kuwa buta ce ta tsaya musu a rai. Wani ma cewa ya yi mai yiwuwa abu biyu ne suka haɗu, da robobin da maganin kaska, bai kamata a yi gaggawa ba. Da za a rufe wa Hammadu hanya ba wanda ya tuna da gaggawa. A ƙarshe Yaya ya ɗago ya ce doka da shela aka kafa ta, ba za a warware ta a kan hayaniyar mata ba, sai an zauna bayan sallar Juma'a kowa yana nan. Ranar nan kuwa Litinin ce.

Na faɗa musu maganganu, ba zan maimaita su ba. Gloria ce ta ja ni.

Washegari na je ruga na ce wa Hammadu, "Tashi ka koro su. Mu mata za mu janye ƙayar da hannunmu, mu ga wanda zai dake mu."

Ya girgiza kai ya ce, "Inna, ke idan kin janye, an ce Mairo ta yi rigima. Ni idan na bi ta wurin da shanu, kafin dare an ce Fulani sun karya dokar gari. Kin san abin da ke biyo bayan wannan maganar a ƙasar nan. Ina da 'ya'ya a bukkokin nan. Sai dai bakin da ya rufe ya buɗe."

Gaskiya ya faɗa.

Sai muka koma jida. Ni da Gloria da duk matar da mijinta bai hana ta ba, da matan rugar, muka riƙa tona yashi muna jiran ruwa ya taru, mu cika tulu da baho mu hau tudu mu zaga bayan makaranta mu juye a komi. Wanda bai taɓa shayar da saniya a bazara ba bai san abin da nake faɗa ba. Bahon da kika ɗauko wuyanki kamar zai karye, saniya ɗaya za ta zuƙe shi kafin ki gyara gammo, ta ɗago tana kallonki. Ramukan kuma ba sa kawowa da sauri, ga gari duka a kansu, har aka fara yi mana gori wai muna kwashe ruwan mutane muna kai wa dabbobi. Samarin da ke gadin ƙaya suna zaune a inuwa suna kallonmu muna wucewa, ko ɗaya bai ce kawo in taya ki ba. Shanun suka daina kiwo, nono ya ɗauke, kukansu har cikin gari ake ji. Na koma wa Yaya ba sau ɗaya ba, na roƙe shi, ni da ban iya roƙo ba. Na ce ba sai an tara kowa ba, ya tura mai shela kawai. Ya ce idan ya janye kafin Juma'a, an ce ƙanwarsa ce ke juya shi.

Ranar Alhamis da safe muka isa ruga da ruwa a ka, muka tarar da turaku babu komai. Na'ima matar Hammadu tana zaune a ƙofar bukka ta haɗa kai da gwiwa. Ta ce wata tsohuwar saniya ta faɗi jiya ta kasa tashi, shi ne ya ce ba zai zauna yana kallonsu suna zubewa ɗaya bayan ɗaya ba. Ya kora su daji tun da sassafe, ya ce zai shayar da su ya juyo kafin a ankara da shi. Na sauke bahon a gabanta, ruwan da ba mai sha.

Juma'a ta zo, aka zauna kamar yadda aka ce. An ce zaman bai ɗauki lokaci ba. Aka amince cewa kuskure ne aka samu wajen igiya, ba a ambaci sunan kowa ba, aka binne robobin, aka janye ƙaya. Mai shela ya zaga yana cewa kwamiti ya buɗe mashaya. Kuma kun san wani abu? Kwamitin bai rushe ba. Masu zinare ba su dawo ba, ba wanda ya yi mana dariya, mutane suka ce ai kowa yana kuskure. Duk abin da Yaya ya tsorata da shi ko ɗaya bai faru ba. Wannan ne ke hana ni barci, don da ya faɗi gaskiya tun ranar farko babu abin da zai rasa.

Hammadu bai dawo ranar ba, bai dawo washegari ba. Sai da muka fara fid da rai, wata safiya muna bakin gurbi ana gyaran mashaya, Yaya yana tsaye yana nuna inda za a kafa turakun itace a madadin igiya, sai ga mutum ya ɓullo ta burtali. Hammadu ne, shi kaɗai, ba takalmi, ba sanda, rigarsa a yage, leɓɓansa sun tsattsage. Babu ko saniya ɗaya a bayansa. Ashe mutanen daji sun tare shi a bakin ruwan can, suka kore garken gaba ɗaya, suka riƙe shi har sai da suka ga dama suka sake shi.

Ya durƙusa a gefen shanu, ba gefen mutane ba, ya kamfaci ruwa ya sha, ya wanke fuska. Yaya ya matsa kusa da shi yana murza hula a hannu ya ce, "Sannu, Hammadu. Allah ya mayar da alheri. Ai an buɗe mashayar, tun ranar Juma'a aka buɗe."

Hammadu ya ɗago ya dube shi. Na so ya zage shi, wallahi na so ya shaƙe shi in taya shi. Amma a hankali ya yi magana, da ladabinsa kamar kullum.

Ya ce, "Na gani, Baba Wakili. An gode. In da hali a ba ni gadin ruwan nan, in riƙa kula muku da shi, tunda yanzu ba ni da abin kiwo."

Ban tsaya jin amsar Yaya ba, don na san idan na tsaya zan ɗaga hannu in mari babban mutum a gaban jama'a. Na ɗauki tuluna ko cikawa ban yi ba, na hau tudu ina kuka.